Amanar Kyaftin Baraka

Maimuna ta cusa takardar ƙarƙashin kaskon awara, wuta ta lashe hoton jirgin da matar da ke tuƙa shi. 'Yarta Ramla na tsaye tana kallo, ko ƙwalla ba ta yi ba. Ta san gobe ƙawarta za ta ara mata wata.

Labarin zane ne mai fitowa duk mako, kuma 'yan matan firamare na Ƙofar Sauri sun haukace a kansa. Kyaftin Baraka mace ce mai tsallakawa daga tauraro zuwa tauraro, ba mai ɗora mata talla, ba mai ce mata magariba ta yi. An ƙone duniyarsu ranar wani biki, ta tsira da yarinya guda mai suna Amana, tun daga nan take yawo tana neman abin da ba ta taɓa faɗa ba. Amana cindo gare ta, yatsa na shida a hannun hagu, yara suka ce ai alamar 'yan sama ke nan. Ita kuwa Kyaftin, duk ƙarafan da ke jikinta, ƙyallen koriyar atamfa mai hoton zabi ne ɗaure a damtsenta.

"Mi kike so ga wannan shirme?" Maimuna ta tambaya.

"Inna, can sama babu babura," in ji Ramla.

Maimuna ta juya awararta. Babura ta san su. Ranar da 'yan bindiga suka shigo da su ƙauyensu, can yamma da Katsina, biki ake yi. Dangi sun zo har daga birni, mata duk sun sha ankon koriyar atamfa mai hoton zabi, an jera jarirai a ɗaki guda, kowacce ta lulluɓe nata da ragowar atamfar. Da harbi ya tashi ɗakin ya cika da hayaƙi. Maimuna ta sunkuci goyo ta saɓa a baya, ba ta waiwaya ba sai a tashar motar Katsina. Da ta kwance zanen ta yi kukan da ya tara jama'a, mata suna ta ba ta haƙuri, suna cewa ta gode wa Allah da ta tsira da ɗiya.

Mijinta bai tsira ba, gidansu ma haka. Ramla kaɗai gare ta a duniya, kuma tsoron rasa ta ya zame mata ciwo. Yarinyar ta tashi doguwa, shiru-shiru, mai hannun zane. Da gawayi take cika bangon ɗaki da taurari, maƙwabta na tsokanar Maimuna wai ina ta gado wannan, ita da ko layi ba ta iya ja a miƙe ba. Zanen goyon kuwa yana can ƙasan akwati, ba ta taɓa fito da shi ba.

Da farko ba ta damu da Kyaftin Baraka ba. Sai ranar da takardar ta faɗo daga jakar makaranta, ta ɗauka ta daɗe tana kallo har awara ta ƙone. Tun ran nan duk wadda ta shigo gidan wuta ce makomarta.

Sai labari ya bazu cewa mai zanen, wata Malama Halimatu Sa'adiyya, za ta zo wani zaure a GRA ranar Asabar. An ce gari-gari take bi, kuma 'yan mata kawai take son gani, sa'o'in Ramla.

"Ba ki zuwa. Na hwaɗa maki," in ji Maimuna.

Asabar da hantsi ta tarar da farantin tallan Ramla a ƙofar gida, babu mai shi. Maimuna, wadda rabonta da hawa babur tun kafin barin ƙauye, ta tare ɗan acaɓa.

Zauren ya cika da yara sun yi layi. Can gaba wata doguwar mace na zaune, da koren ƙyalle ɗaure a damtse. Ba takarda take kallo ba, fuskoki take kallo. Duk yarinyar da ta iso sai ta riƙe haɓarta a hankali, ta tambaye ta daga wane gari iyayenta suka zo. Gefenta wata yarinya gajera, mai faɗin goshi, tana raba sabon zane. Ramla ta kusa isa gaba.

Maimuna ta damƙe hannunta ta ja. Ramla ta turje, tana roƙo ƙasa-ƙasa, Inna don Allah, gaisawa kawai. Sun kusa ƙofa gajerar yarinyar ta biyo su da gudu.

"Baba, ga nata, kar ta tafi hannu biyu."

Da hagu ta miƙo, yatsa na shida a fili, sai ta ji kunya ta sauya hannu. Maimuna ta karɓa. Ta dubi goshin, ta dubi kumatun da suka sha ƙoshi, da takalman makaranta masu kyau. Bakinta ya buɗe, amma abin da ya fito kawai shi ne, "Allah shi yi maki albarka."

Ta fita da Ramla, riƙe da yatsunta biyar kamar za ta karya su, ba ta waiwaya ba. Wannan ne karo na biyu da ta bar ɗiyar da ta haifa da cindo a baya, ta gudu da ta wata.