Jan Zare a Gaɓa ta Uku

Mastura ta rasa miji, ta rasa ɗakin da kafilinsa, mai ɗaukar nauyin zamansa a ƙasar, ya ba su a Abhur, bakin tekun Jidda. Abin da ta samu sandar kamun kifi ce guda ɗaya.

Takalman mijin, Abdulghani, da rigarsa aka tsinta a bakin teku, gawa kuwa ba a gani ba. Haka aka yi masa salla. Ta yi takaba, ta koma unguwar Waziriyya tana suyar waina.

Sandar ta gora ce, siririya, gaɓa huɗu, ana kwance ta a zura cikin kwaroron fata. Wani Bature matuƙin jirgi, wanda Abdulghani yake yi wa direba, shi ya ba shi. Ta kogi ce, ƙugiyarta da gashin tsuntsu kamar ƙuda, Jidda kuwa ba kogi. Duk da haka kullum sai ya goge ta da mai, kulawar da matarsa ba ta taɓa samu ba. Da sandar ta tsage a gaɓa ta uku, Mastura ce ta naɗe masa wurin da jan zaren mayafinta. Tun rasuwarsa ba ta buɗe wa kowa kwaroron ba.

Mai gidan haya ya fara maganar fitar da ita ke nan, sai ga Saleh dillali.

"Hajja, wani baƙo daga Bairut ke son sandar marigayi."

Ya taya, ta ce albarka. Ya dawo ya ninka, ta ce albarka, ko ɗagowa daga tanda ba ta yi ba. Maƙwabta suka ce girman kai zai kwantar da ita a titi.

Zuwa na uku Saleh ya shigo yana gumi.

"Yalla, yi sauri, Hajja, jirginsa gobe ne! Ya zaga kantuna bai ga irinta ba. Ya ce wannan tana shiga ƙarƙashin kujera, ba sai an jefa ta cikin kaya ta karye ba. Tsagewar gaɓa ta uku ma ba komai, tunda an naɗe da jan zare. Faɗi kuɗinki, halas, a gama!"

Waina ta ƙone a tanda, Mastura ba ta juya ta ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko kwaroron, ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallonsa.

"Ka ce masa na sallama," in ji ta. "Kuɗinta saki uku. Ya zo ya faɗa da bakinsa, a gaban mutanen da suka yi masa sallar gawa."