Ɗigon Goro a Kan Wasiƙa

Ku bar hararar juna ku zauna, ku biyun. Labari zan ba ku, kada wanda ya katse ni.

Shekarar da takin zamani ya fara zuwa Ƙarfi, wani dattijo ya makance. Fadamar rake gare shi guda, 'ya'ya biyu: babban yana dakon auduga a Funtuwa, ƙaramin yana ba da magani a wani asibiti a Zariya. Tsohon ya ce ba a raba masa fadama, wanda wasiƙunsa suka fi ladabi shi zai samu.

Matarsa ƙaramin take so. Ajin yaƙi da jahilci kwana biyu ta yi, ta ce malamin ya cika surutu. Amma ita direba ke miƙa wa wasiƙu.

Ta saɓi zakara sai gidan Malam Mudi katikis, malamin coci, mai karanta wa tsohon wasiƙu ran Lahadi. Ya ce shi ba ya ƙarya.

Ta ce, "Wa ya aike ka ƙarya, Malam? Ko kalma ɗaya kada ka taɓa. Wadda ka ga ɗigon goro a kanta, ka kwantar da murya, ka ɗan ja numfashi in ka zo wurin 'Baba'. Ɗayar kuwa ka karanta ta kamar shelar haraji."

Malam ya laluba Littafi a ransa, bai ga inda aka hana ba. Ya karɓi zakara.

Shekara uku ana haka. Wasiƙu na zuwa, sai ta ware mai kyawun rubutun, ta ɗiga mata goro, ta wuce taron zumuntar mata. Ta dawo ta tarar da tsohon yana share hawaye, ta yi godiya ga Ubangiji.

Ran da ya tara dangi, sai ya ba babban fadama. Ƙaramin ya ce asiri aka yi. Tun ranar ko gaisuwa ba ta haɗa su.

To, Labo, kai babban, ashe mai rubutun bakin gidan waya ke tsara maka taka. Kai kuma Matta, duk karatun nan naka, rubutunka kamar kaza ta taka tawada. Ni na ɗiga goron, shekara uku ina ɗiga wa wanda ban nufa ba, don haka ku tashi ku je ku raba fadamar nan kafin damina, ku bar ni in ci gorona lafiya.