Karen da Ke Tuƙi a Kakuri

Magana ta gama Kakuri cewa karen Baba Dogara ne ke tuƙa motarsa, wata tsohuwar bas mai gado da risho a ciki, wadda suke fita yawon hutu da ita su biyu. Har dattawan coci sun sa ranar cire Baba daga kwamiti, wai tsafi ne.

Mama Rifkatu, tsohuwar shugabar makaranta, ba ta yarda da "an ce". Ranar Asabar ta tare motar, ta leƙa, ta kwashe da dariya. Sitiyarin a dama yake, irin na motocin Ingila. Soja, karen, yana hakimce a kujerar hagu, inda aka saba ganin direba, ya zaro harshe.

"Jahilci dai bai yi ba!" ta ce. "Baba, tafi da ni Kagoro, in dawo in kunyata su."

"Shigo, Malama. Amma ban da surutu a hanya."

Ta zauna a bakin gado. Suna hawa titin Kachiya Soja ya yi haushi, Baba ya taka birki, wata keke-napep ta gifta. Can Soja ya yi gurnani, Baba ya kauce wa rami.

"Baba, ina gilashin idonka?"

"Ai ya daina yi mini aiki tun bara. Yi shiru don Allah, kada ki raba masa hankali."

Mama Rifkatu ta ƙanƙame katifa, ta fara addu'a a zuci.

Baba Dogara ne ke riƙe da sitiyari. Soja ne ke ganin hanya.