Gurbi na Saba'in da Bakwai

Gurbi ɗaya ya rage a jadawalin, kuma duk ofis an san gidan wane ne.

Aikin Auta ba wuyar faɗa. Mai awon ƙasa ya zagaya unguwar bakin kogi ya auno tudun kowane gida, ita kuma ta zuba lambobin a manhajar taswira. Gidan da tudunsa ya kai mita ɗari sama da matakin teku ya fito kore, a bar shi. Wanda ya gaza ya fito ja, a rushe saboda ambaliya, a kwashe mutanensa zuwa sababbin gidajen kan tudu. Manhaja ba ruwanta da dangin kowa.

To sai ruwan sama ya jiƙa takardar mai awo, tawada ta narke daidai layi na saba'in da bakwai. Gidan mahaifinta ke nan.

Kafin ƙarfe goma Baba ya kira sau huɗu.

"Auta, gidan nan da hannuna na ɗora shi, a cikinsa zan mutu. Kin ga dakalin da na ƙara a ƙofa bara? Ruwa ya zo ya gaishe shi ya koma."

"Na gani, Baba. Ina Mama?"

"Tana kan gado mana, ina za ta da ƙafar nan?"

Ta bayansa ana jin bokiti yana kartar siminti. Ta san ruwa ake kwashewa daga ɗakin Mama.

Shugabar sashe ta leƙo da kofin shayi a hannu. "Sha biyu za a tura taswira. Ki cike gurbin nan, ko ki ba wani ya cike."

"Zan cike."

Shekara tara tana kan kujerar nan, ba ta taɓa ƙara wa lamba ko ɗigo ba. Sikeli ake ce mata a ofis, ba kuma don yabo ba. Akwai ƙawar da ta daina gaishe ta a kan santimita biyu.

Ta kira mai awo. Yana cikin mota, ya yi ta tsaki yana laluben littafinsa, daga ƙarshe ya karanto mata lambar. "A bakin ƙofa na tsaya kamar kullum," ya ce. "Kin san ba ma shiga ɗakunan mutane." Ta rubuta a tafin hannunta da biro.

Ta daɗe tana kallon tafin. Wallahi tana son uban nan, kuma tana tsoronsa har yau, da 'ya'yanta uku. Fanka na juyawa, agogo ya ce sha biyu saura kwata. Ta ja allon rubutun kwamfuta ta buga lamba, ba wadda ke tafinta ba.

Mai zane, da teburinsa ke manne da nata, ya ga hannun ya ga abin da yatsun suka yi. Ya mayar da kai kan aikinsa. "Ni ban ga komai ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ashe Sikeli ma tana da uba."

Ta danna, taswira ta tafi. Waya ta yi ƙara karo na biyar.

"Auta, kin gyara?"

"Na gyara, Baba."

"Allah ya yi miki albarka."

Ta ce amin. Ta tashi ta nufi famfo, ta san daga gobe Baba ba zai ƙara ɗaukar wayarta ba. Lambar da take wankewa ɗari da ɗigo uku ce, tudun dakalin Baba, kore shar. Wadda ta buga casa'in da tara da ɗigo huɗu ce, tudun ƙasan ɗakin Mama a nata lissafin, kuma gidan ya tafi a taswira ja wur.