Wanda Ya Hau Baƙin Labari

Tun da safe 'yan kaboyin garin Harlow suka goge takalma, suka karkata malafa, suka fito a manyan motocin a-kori-kura da ba su taɓa ɗaukar ko damin ciyawa ba. Verna Haskell na zaune a sahun gaba, sandarta a kan cinya, tana ƙare musu kallo. Rabinsu dillalan filaye ne, ɗaya likitan haƙori. Amma ƙaimi kam kowa ya ɗaura, har da wanda bai san doki ba sai a jikin kalanda.

Yau za a buɗe mutum-mutumin mijinta, marigayi Clyde, a ƙofar filin gasar hawan dawaki. Ga shi can an lulluɓe shi da shuɗin ƙyalle.

Babu wanda ya tashi a Harlow bai haddace labarin ba. An yi wani doki mai tutsu da ake kira Baƙin Labari, wanda ya kakkarya haƙarƙarin mazan jihar Wyoming ba adadi. Ba a taɓa samun wanda ya cika daƙiƙa takwas ɗin gasa a bayansa ba. Sai Clyde, yana sabon ango, ya bugi ƙirji a mashaya ya ce shi zai hau. Ranar gasar ana iska, ya fito ya danne malafa, ya ɗaure fuska da hankici har gindin ido, bai ce wa kowa uffan ba. Ya zauna daram har aka busa usur. Daga nan dokin ya maka shi da shinge. Ya tashi, ya ɗaga wa jama'a hannu, ya ja ƙafa ya fice. Da yamma ya dawo karɓar kyauta garau, ko ƙwarzane babu. Jikin ƙarfe, in ji mutanen gari.

Bai sake hawan doki mai tutsu ba. "Wanda ya hau Baƙin Labari, me ya rage masa?" Shekara arba'in yana cin labarin, ana saya masa giya, kuma duk shekara dokin sai ya ƙara tsawo. Verna ce ke ba shanu ciyawa cikin ƙanƙara, ita ke gyaran shinge, tana ɗingishin da ta samu tun tana amarya, wai daga tsani ta faɗo. Gari kuwa Clyde yake tausaya wa: jarumi kamar shi, ya ƙare da matar da ko kallon hawansa ta kasa tsayawa ta yi.

Jikarta Darla ta zo ta zube a kujerar gefe, idonta jawur.

"Kaka, ya hana ni."

"Wa?"

"Orville Tackett mana. Wai dokar ƙungiya ce, hawan mai tutsu na maza ne. Wai in je in shiga tseren zaga gangunan ƙarfe a doki da sauran 'yan mata, zai fi yi min kyau a hoto."

Tun tana 'yar shekara goma Darla ke horar da dawakan da masu malafar nan suke kawowa a ɓoye idan sun gagare su. Gasar bana take jira ta fita da sunanta. Verna ta dubi Orville, shugaban ƙungiyar masu shirya gasar, yana ta fama da ɗamarar da tumbinsa ya binne.

"Haka ya ce?"

"Har da cewa da Kaka Clyde na raye, shi zai fara hana ni."

"Wannan kam bai yi ƙarya ba," in ji Verna.

Orville ya hau dandamali. Ya yi magana a kan mazan jiya, da ƙashin maza, da jinin maza, har muryarsa na rawa. Ya ce shi da idonsa ya ga idon Clyde ranar nan, idon zaki. Mai wa'azi ya yi addu'a. Likitan haƙori ya share hawaye. Sannan aka kira uwargidan marigayi ta ja igiya.

Verna ta hau matakalar a hankali, ba ta karɓi hannun kowa ba. Ta ja igiyar, ƙyallen ya zame. Doki na tagulla ya yi tsalle sama, mahayi ya ɗaga hannu ɗaya. Maƙerin ya ga bai dace a ɓoye fuskar jarumi ba, sai ya sauke hankicin zuwa wuya. Aka yi ta tafi da fito.

Orville ya miƙo mata abin magana, yana ƙyafta wa jama'a ido.

"Mama Verna, yau dai sai kin faɗa mana. Ina kika ɓuya ranar nan? An ce a motar Clyde kika kulle kanki."

Aka kwashe da dariya. Verna ta bari suka gama.

"Ai babu wuri a motar, Orville. Mai motar ya riga ni. Tun da ya ji haniniyar dokin ya kwanta a ƙarƙashin kujera, ya rufa da bargo, yana kiran mamarsa."

Dariyar ta tsaya. Darla ta miƙe tsaye. Orville ya lashi leɓe.

"To… to ke kina ina?"

Verna ta ɗaga sandarta ta nuna mahayin tagullar, ta ɗan karkata kai tana dubansa.

"Ga ni nan kun ƙera," ta ce. "Zaman sirdin ya yi daidai. Gashin bakin ne dai ku kuka ƙara min."