Ranar da Tsohuwar Fijo Ta Kai Amarya

Kullum da hantsi Malam Gwadabe yakan fito da tsumma ya goge fijonsa, mai lamba 404, wadda ta cinye rabin tsakar gidansu a unguwar Williamsville. Fentinta ya koɗe, kujerunta sun sha faci, amma murɗa ɗaya take tashi. A cikinta aka kawo masa Zaituna tana amarya, shekara arba'in da huɗu da suka wuce.

"Wannan mota ce," yakan ce. "Sifana biyu da ƙyallen waya, ka gama da ita. Na yanzu kuwa sai an kira musu likita."

Hajiya Zaituna ba ta raga mata. Tana shanya tana mita: ta tare hanya, tana ɗigar da baƙin mai, kaji sun mai da ƙarƙashinta gida.

Ɗansu Abdulwahid, mai fito da motoci daga tashar jiragen ruwa, ya ɗauki mitar uwarsa da gaske. Ya yi magana da masu wargaza motoci na unguwar Adjamé: ran Litinin, bayan bikin 'yarsa Sharifa, za su zo su ja ta. Tsohon ya roƙi abu ɗaya, a bar ta ta kai jikarsa gidan miji a unguwar Treichville.

"Haba, Papa! A gaban mutanen Treichville?" Abdulwahid ya shafa sabuwar motarsa baƙa mai sheƙi. "Ga wadda za ta kai amarya. Kwamfuta gare ta. Har mai ita ta sani, ɓarawo bai isa ya tashe ta ba. Ranar da ta kunyata ni taka ta fid da ni kunya, na bar maganar sayar da ita har abada."

Hajiya, da ke tankaɗe a gefe, ta ce, "Ka dai ji, Malam."

Daga ranar Gwadabe ya rage cin abinci. Goge motar ma sai ya riƙa yi a hankali, kamar mai wa gawa wanka.

Ran Alhamis Hajiya ta karɓi makullin sabuwar motar don a turara ta, kamar yadda ake wa motar amarya. Ta sa kasko a ciki, ta rufe gilasai, ta kulle. Turaren bai ishe ta ba, ta shiga kasuwa ƙaro wani, ta biya ta rumfar ƙaninta Inusa mai sayar da kwaɗuna da yankan makullai, suka daɗe suna hira. Da yamma motar na ƙamshi har bakin titi, aka bar ta nan a ajiye sai ranar kai amarya.

Asabar bayan la'asar aka fito da Sharifa a lulluɓe, ana guɗa. Abdulwahid ya danna maɓalli daga nesa don jama'a su gani. Shiru. Ya yi dariyar yaƙe, ya buɗe ƙofa da hannu, ya zauna, ya murɗa.

Injin ya yi gurnani, ya mutu. Ya sake. Ya sake. Wata 'yar jar fitila ce kawai ke ƙifta masa ido.

Matasa suka cire riguna suka tura ta har bakin masallaci, ko tari ba ta yi ba. Aka kira makaniken unguwa, ya buɗe gaba, ya tarar da murfin roba ya rufe komai, ya ce sai mai kwamfuta, shi kuwa sai Litinin. Dangin ango sun kira sau uku. Amarya ta fara kuka na gaske.

Abdulwahid ya juyo ya dubi mahaifinsa. Duk jama'a suka bi shi da ido.

"Kada ka kalle ni," in ji tsohon. "Wallahi ko inda ake buɗe bakinta ban sani ba."

Kowa ya san gaskiya ce. Inusa dai yana kan benci yana cin acake, dambun rogo, da kifi, bai ɗago ba.

Hajiya ta yi tsaki. "To, sai ku kori kajin nan daga ƙarƙashin tsohuwar. Abin kunya ya riga ya same mu."

Murɗa ɗaya. Fijo ta ɗauka da muryarta ta dā, tsofaffin unguwa suka yi kabbara. Gwadabe ya gyara hula, ya leƙa baya ya ce wa jikarsa, "Amaryata, share hawaye. Ko in juya da ke gidana?" Ta yi dariya cikin mayafi.

Suka ratsa Adjamé, direbobin woro-woro, tasin unguwa, na yi musu oda. Suka haye gada rana na faɗawa cikin ruwa. A Treichville, kusa da babban masallaci, dattawa suka manta da amarya suka kewaye motar, kowa na ba da labarin irinta da ya taɓa hawa. Abdulwahid ya iso a tasi. A gaban kowa ya ce, "Papa, na janye. Ta zauna."

Washegari da hantsi Gwadabe na goge ta yana waƙa ƙasa-ƙasa, Hajiya na shanya.

"Ga shi nan," ta ce, "za ta ci gaba da tare mini hanya."

Ta shige ɗaki tana mita. Sai da ta saki labule ta kwance haɓar zanenta, ta fito da makullin sabuwar motar na ainihi, tana tunanin yadda za ta musanya shi da wanda Inusa ya yanka mata, wanda kwamfutar motar ta ƙi ganewa, kafin mai kwamfuta ya iso.