Bindigar Kaka Ta Yi Nauyi

Na ƙwanƙwasa bututun bindigar kakana da farce, sai ya yi ƙara kamar gwangwanin madara.

"Wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Maƙerin garin Sara," in ji Kaka, yana murmushi. "Duk shekara yakan ɗan rage mata ƙiba. Nauyi take yi min."

Ina yaro, da hannu ɗaya yake ɗaga ta idan maharban Gwaram suka fito farautar rani. In ya harba, har a Dingaya ana sanin shi ne. Yanzu an goge ƙarfen har ya kusa zama takarda, kowa a gidan ya sani, kowa ya yi shiru.

"Kaka, albarushi ba ya tausayin tsoho. Gobe in ka harba ta, a fuskarka za ta tarwatse!"

"Kai ɗan boko, wanda ya kasa saɓa bindigarsa a gida ake barinsa, shi da awaki."

Ban tsaya gardama ba. Yana masallaci na kwance bututun, na kai shi Birnin Kudu aka datse shi gida biyu. Na dawo ina jiran fushinsa.

Washegari kiɗan maharba ya taso. Ya fito cikin tsohuwar rigarsa mai layu, ya ɗauki ƙotar itacen da ta rage, ya jinjina ta. Sai ya saɓa, ya miƙe sambal, irin miƙewar da na manta yana da ita.

"Yauwa," ya ce. "Haka take a da."